Faya-fayan garmahon Baba: yaya zan kwashe su zuwa kwamfuta ba tare da na lalata su ba?

Nasiru Fagge:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen masana na gidan nan. Bayan sadakar arba'in ta mahaifinmu, Allah ya gafarta masa, muka jawo adakar ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, sai ga faya-fayan garmaho guda 63 a jere, an raba tsakaninsu da tsofaffin jaridu. Iri uku ne. Akwai manya masu faɗi, akwai ƙanana masu ƙaton rami a tsakiya, sai wasu guda tara masu nauyi da kauri kamar tangaran. Yawancinsu tambarin EMI ne, wasu Decca, wasu kuma masu hoton karen nan da ya kasa kunne a bakin garmaho. Kiɗan kalangu da kukuma da taushi ne, sai waƙoƙin Indiya da na Sudan. A bayan kwalin kowanne Baba ya rubuta da ajami garin da ya saya da shekarar: Jos 1969, Ikko 1974, haka dai. Direban babbar mota ne a lokacin.

So nake in kwashe su a kwamfuta in raba wa 'yan uwa. Na sayi wata 'yar na'ura mai kama da akwatin hannu, mai shago ya ce tana da USB, haɗawa kawai zan yi. Na gwada faifai biyu. Sautin siriri kamar daga cikin gwangwani, allurar tana ta tsalle, kuma da na sa ɗaya daga cikin masu nauyin nan sai na ga baƙar ƙura ta taru a bakin allurar. Nan na tsorata na kashe. Hajiyarmu kullum sai ta tambaye ni wani faifan kalangu da ta ce shi aka kaɗa ranar da aka kai ta ɗaki. Me zan yi?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Malam Nasiru, da farko ka ajiye akwatin nan, kada ka sake ɗora masa ko faifai ɗaya. Araha ba ta ado. Irinsu kan allurarsu na tangaran ne, hannun ba shi da ma'aunin nauyi a baya, sai ya danne faifai da giram biyar ko fiye, alhali kan allura mai maganaɗisu yawanci giram ɗaya da rabi zuwa uku yake buƙata.

Iri ukun da ka lissafa gudu uku ne. Manyan suna juyi 33 da sulusi a minti, ƙananan 45, masu nauyin 78. Na 33 da 45 roba ce, amma na 78 da wani irin ƙaro ake yin su, shi ya sa in sun faɗi suke tarwatsewa kamar faranti. Layin da allura take bi a jikin na 78 ya fi na sauran faɗi wajen ninki uku. In ka sa masa siririyar allurar faifan roba sai ta nutse har ƙasan layin, inda babu waƙa sai dattin shekara sittin. Abin da ka gani a bakin allura ke nan. Na 78 allurarsu daban take.

Sadik Zoo Road:
Allah ya jiƙan Baba. Amma Yaya Nasiru ka duba YouTube tukuna? Wataƙila rabin waƙoƙin nan wani ya riga ya ɗora. Kada ka kashe kuɗi a banza.

Nasiru Fagge:
Na duba, Sadik. Na Indiyan kusan duk akwai. Na Hausan kuwa guda bakwai kaɗai na samu, su ma daga kaset aka kwafo, an kwafa an sake kwafa har ba a jin baitukan sosai. Wanda Hajiya take nema babu shi ko'ina.

Baba Garba Mai Ritaya:
Ɗana Nasiru, Allah ya yi maka albarka da ba ka kai su bola ba. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin sarrafa sauti na gidan rediyo, da idona na ga an loda faya-fayai a baro an fitar da su don a samu wurin ajiye kujeru. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Abin da ke cikin adakar mahaifinka, wani daga ciki mai yiwuwa babu kwafinsa a Kano kaf.

Kafin maganar kwamfuta, wanki. Duk ƙurar da ka bari a layi, allura za ta karanta ta ta zama ƙas-ƙas. Ka sami tataccen ruwan nan da ake zuba wa batirin mota, ka tabbata ruwan ne zalla ba mai asid ba. Ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke a kofi guda. Ka samu burushi mai laushi irin na masu zane, ka bi layin yadda ya zagaya, kada ka gitta shi. Takardar tsakiya kada ruwa ya taɓa ta. Ka ɗauraye da tataccen ruwan, ka jingine a inuwa ya bushe da kansa. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri a layi.

Abu guda nake roƙon ka: kada sifirit ya kusanci masu nauyin nan guda tara. Narkar da su yake yi. Su ko ruwan ma kada ka bari ya daɗe a jikinsu.

Isuhu Maraɗi:
Gaskiyar Baba Garba ne. Nan wajenmu wani ya goge na 78 da alkol, fuskar faifan ta yi fari ta mutu. Ni matsalar da ta fi damuna ita ce wani gurnani, huuuum, da ke bin duk abin da na ɗauka. Sai da na gane wata siririyar waya da ke bayan garmahon, ita ba ta da kai irin na sauran, ashe sai an ɗaure ta a kusar da ke jikin amfilifaya. Da na ɗaure, gurnanin ya ragu ƙwarai. Ragowar kuma cajar laftof ce. Yanzu in zan ɗauka sai in cika batir, in zare caja daga kuran.

Nasiru Fagge:
Na gode ƙwarai. To Injiniya, wace na'ura zan nema? Kuma me ya sa ba zan iya sa waya daga garmaho kai tsaye zuwa ramin makirufo na laftof ba?

Injiniya Bala:
Dalili biyu. Na farko, wutar da ke fita daga kan allura ƙanƙanuwa ce, wajen milibolt biyar, sai an ƙara mata ƙarfi sosai. Na biyu shi ne wanda mutane ba su sani ba. Lokacin yanka faifai, da gangan ake rage kaurin sauti a ƙara siririnsa, domin da an bar kaurin yadda yake, layin zai yi faɗi, waƙa kaɗan ce za ta shiga, allura kuma ta riƙa tsalle. A 1954 kamfanonin Amurka suka amince da ma'auni ɗaya mai suna RIAA, daga baya sauran duniya ta bi. To dole a samu abin da zai mayar da sautin yadda yake, shi ne firi-amf na garmaho. In babu shi, kalangu zai fito ba gindi, sai ƙyal-ƙyal. Ramin makirufo na laftof kuwa mono ne, wato hanyar sauti ɗaya ba hagu da dama, don maganar mutum aka yi shi.

Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka sayi sabon garmaho na kirki mai USB, kamar Audio-Technica AT-LP120XUSB, wanda ke da gudu ukun duka da firi-amf a ciki, sai dai ka ƙara sayen allurar 78. Ko ka nemi tsohon Technics ko Pioneer a wajen masu kayan gwanjo, ka sa masa sabuwar allura, ka haɗa da ƙaramar na'urar Behringer UFO202, wadda ke da firi-amf a ciki kuma tana shiga kwamfuta ta USB. Ka tuna ka tura makunnin da ke jikinta zuwa ɓangaren garmaho.

In gwanjo za ka saya, ka juya bayansa ka karanta. Kayan Amurka 120V ne da 60Hz, wato bugun wuta sau 60 a daƙiƙa, mu kuma 50Hz muke da shi nan da Nijar. Taransifoma za ta gyara maka ƙarfin wuta, amma in motar garmahon irin mai bin bugun wuta ce, zai riƙa juyi wajen 28 maimakon 33, muryar mawaƙi ta yi kauri kamar mai mura. Irin wannan motar ko a janareto ba ta da tabbas. Garmahon da bel na roba ke juyawa kuma ka buɗe ka duba, zafinmu yana mayar da bel kamar kwalta.

Sadik Zoo Road:
Duk wannan daidai ne. Ni dai abin da zan ƙara, Yaya Nasiru, in ka gama ɗauka ka turo min. Yanzu akwai manhajojin AI da za su cire ƙas-ƙas da shuuu gaba ɗaya, su raba murya da kiɗa, in ƙara maka bes, ya fito tas kamar jiya aka yi shi a situdiyo. Yaran yanzu ba za su saurari abu mai ƙara ba wallahi.

Baba Garba Mai Ritaya:
Sadik ɗana, a nan ne ba zan bi ka ba. Garin neman gira ake rasa ido. Na saurari irin gyaran nan da ake yawo da shi a WhatsApp. An cire ƙara, gaskiya ne, amma an haɗa da numfashin mawaƙin, an haɗa da tsakin nan na tsirkiyar kukuma in izga ta goge ta, 'yan amshi sun koma kamar suna magana a ƙarƙashin ruwa. Na'urar ba ta san kukuma ba. Tana jin kartar izga sai ta ɗauka datti ne ta share.

Ka san yadda aka ɗauki waƙoƙin nan? Makaɗa da 'yan amshi a ɗaki ɗaya, a zama ɗaya. In ka kasa kunne za ka ji wanda ke kusa da makirufo da wanda ke can baya, za ka ji sanƙira ya tsoma baki. Wannan duk tarihi ne. Wanda ya ƙara bes a kalangun 1969 ya yi wa makaɗin ƙarya, don ba haka ya kaɗa ba.

Sadik Zoo Road:
Baba, da girmanka, amma ƙas-ƙas ɗin ma ai ba makaɗin ne ya kaɗa shi ba. Ƙura ce da tsufa. In muka bar shi, mun adana lalacewa ne, ba waƙa ba. Kuma mene ne amfanin ajiyar da ba mai saurare?

Baba Garba Mai Ritaya:
Wannan magana taka tana da ƙamshin gaskiya. Ban ce kada a taɓa ba. Ƙas ɗin da ya fito fili, a bi shi ɗaya-ɗaya a cire, mu ma da reza da salatif muke yin irinsa a tef. Abin da na ƙi shi ne a zuba waƙa a injin niƙa a danna maɓalli ɗaya.

Malama Zainab Sakkwato:
Allah ya jiƙan Baba, Malam Nasiru. Baba Garba da Sadik, ina ganin ba sai ɗayanku ya kayar da ɗaya ba. A yi kwafi biyu. Na farko shi ne uwa: yadda ya fito daga allura, ba a taɓa komai ba, a ajiye shi a WAV ko FLAC, irin fayil ɗin da ba ya zubar da komai na sautin. Na biyu a gyara shi don saurare, a mayar MP3 a tura wa dangi. In bayan shekara goma an samu manhajar da ta san kukuma, sai a koma wa uwar. Amma in gyararren kaɗai aka ajiye, abin da aka share ya tafi ke nan.

Abin da ya fi damuna ma daban ne. Ina nazarin waƙoƙin baka, kuma babbar wahalarmu ita ce fayil ya zo maka da suna "tsohuwar waka 3", ba sunan makaɗi, ba shekara, ba kamfani. Don Allah kafin ka wanke kowane faifai ka ɗauki hoton takardar tsakiya, gaba da baya, da kwalin, da rubutun ajamin Baba. Akwai lamba a kan takardar, akwai kuma wata da aka ƙarta a jikin faifan kusa da tsakiya, sai ka karkata shi a haske za ka gan ta. Ka rubuta duka biyun. Da irin lambobin nan ake gane lokacin da aka buga faifai. Sannan ka zaunar da Hajiya ka kunna mata, ka ɗauki abin da za ta faɗa da wayarka. Ta san wa ake yi wa waƙar, ta san ma'anar habaicin da mu ba za mu gane ba.

Nasiru Fagge:
Malama, wannan bai taɓa zuwa min a rai ba. Na gode. Wace manhaja zan yi ɗaukar da ita? Kwamfutata ba wata mai ƙarfi ba ce.

Injiniya Bala:
Audacity. Kyauta ce, kuma ko tsohuwar laftof tana ɗaukarta. Ka zaɓi na'urar USB ɗin a matsayin inda sauti zai shigo, ka sa tasha biyu, wato hagu da dama. Windows takan mayar da irin na'urorin nan tasha ɗaya da kanta, sai ka shiga saitin sauti ka gyara. Ka nemi wurin da kiɗa ya fi ƙarfi a faifan, ka daidaita yadda ma'aunin ba zai wuce -6 ba. In ya taɓa 0 sautin ya fashe, kuma babu gyara. Gara ya yi ƙasa, daga baya ka ɗaga shi.

Ma'aunin CD, wato awon sauti sau 44,100 a daƙiƙa da bit 16, yana cin wajen megabait 10 a minti. In ka je 96,000 da bit 24, wajen 35 ne. Fuskar babban faifai minti ashirin ce ko ɗoriya kaɗan, na 78 kuwa wajen minti uku. Ka lissafa, duk adakar ba za ta cika filash mai gigabait 64 ba in ka ajiye a FLAC, wanda ke rage girma kusan rabi ba tare da zubar da komai ba. Ka ɗauki fuska guda a tafi ɗaya, daga baya ka sa alama a farkon kowace waƙa ka fitar da su daban-daban.

Yawancin na Hausan nan mono ne. Duk da haka ka ɗauka a tasha biyu, ka cire ƙas-ƙas tukuna, sannan ka haɗe su su zama ɗaya. Haɗewar kaɗai tana rage ƙara, ba tare da an taɓa waƙar ba.

Isuhu Maraɗi:
Injiniya, in mutum bai da mai gudun 78 fa? Ni a 45 na ɗauka na ƙara gudu cikin Audacity, na ninka da 1.733.

Injiniya Bala:
Yana yi, Malam Isuhu, amma allurar dai dole ta 78 ce. Kuma ka sani firi-amf ya gyara sautin a gudun da ba nasa ba, don haka sai ka warware RIAA ɗin kafin ka ƙara gudu. Tsofaffin na 78 ma da yawa ba da RIAA aka yanka su ba, kowane kamfani da nasa ma'aunin. A nan kunne ne alƙali.

Auwalu Tudun Wada:
Ni tambayata ta hakki ce. In ya kwashe ya zuba a intanet, iyalan makaɗan nan fa? Da yawansu suna nan suna fama.

Malama Zainab Sakkwato:
Tambaya ce mai kyau. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, don haka tsufan faifai bai sa ta zama ta kowa ba. Kwafi don Hajiya da 'ya'yanta daban, buɗe tasha ana karɓar kuɗin talla daban. Ni shawarata, in an san gidan makaɗin, a kai musu kwafi. Na taɓa kai wa jikokin wani makaɗin kotso waƙar kakansu, ba su taɓa jin muryarsa ba sai ranar.

Baba Garba Mai Ritaya:
Ƙari biyu, Nasiru. In allura tana tsalle, kada ka ɗora mata kwabo a ka yadda ake yi da. Ka sake wanke wurin, ka duba ko teburin a daidai yake. Sannan yanzu hunturu ya kama, iska ta bushe, faifan roba yana jan ƙura kamar maganaɗisu. Ka rufe taga, ka kashe fanka, ka goge shi da burushi dab da za ka sauke allura. In ka gama ka jera su a tsaye, kada ka kwantar da wani kan wani, kuma ka raba su da ɗakin da kwano ke gasawa. Wanda ya lanƙwashe kada ka ce za ka shanya shi a rana ya miƙe.

Nasiru Fagge:
Salam. Na dawo da bayani bayan mako uku. Na samu tsohon Technics a Sabon Gari, mai 220V, na sa sabuwar allura, wani abokina ya taho min da UFO202 daga Ikko. Na yi goma sha ɗaya zuwa yanzu. Masu nauyin guda tara ban sake taɓa su ba, ina jiran allurarsu.

Faifan Hajiya ƙaramin 45 ne. Da na wanke shi ruwan ya koma ruwan ƙasa, sai da na yi sau biyu. Akwai ƙarta guda a fuskar farko, duk zagaye sai ta yi ƙas, na ƙirga sau 41. Na zauna daren Juma'a na faɗaɗa hoton sautin a Audacity ina bin su ɗaya-ɗaya da abin gyaran da ke cikinta mai suna Repair, ya ci min awa biyu da rabi. Uwar tana nan ban taɓa ta ba, na sa a filash biyu, ɗaya na kai gidan yayata.

Da safe na kai wa Hajiya a ɗakinta tana tsince shinkafa. Da kalangun ya shiga sai ta ajiye faifan shinkafar a cinya, ba ta ce komai ba har aka kai tsakiya. Akwai inda wani daga can baya ya yi guɗa-guɗa da baki ya kira sunan wani mutum. Ta ɗaga hannu ta ce in mayar. Na mayar sau uku. Ta ce wannan Sarkin Pawan garinsu ne ake kira, kuma Baba in an zo daidai wurin yakan ɗaga allura ya maimaita, shi ya sa ƙartar take nan.

Sadik, na turo maka kwafin na biyu ta imel. Ka rage shuuu ɗin kaɗan yadda yara za su iya ji a waya, amma muryar mutumin nan na baya kada ta ɓace.

Sadik Zoo Road:
Na gani, Yaya. Na gwada manhajar AI ɗin a kai, kuma ta cinye muryar tasa gaba ɗaya, ta ɗauka hayaniya ce. Na fasa. Da hannu zan yi, in turo wa Baba Garba ya fara ji kafin ya iso gare ka.

Baba Garba Mai Ritaya:
Turo, ɗana. Nasiru, in allurar 78 ta iso ka sanar da ni ranar da za ka fara, zan shigo mota in zo. Waɗannan ba a ɗaukarsu ta gefe da hannu ɗaya, kuma ina so in ga lambobin da ke jikinsu.